Uwargida da Wayarta: Yadda Za Ki Sauya Layi da Waya Ba Tare da Kin Rasa Lambarki Ba

   

Yau hirarmu a kan 'yar abar nan take, wadda ke ɗaure a gefen zaninki ko take kwance a ƙarƙashin matashi, wato wayar salula. Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake, amma ga mace mai zaman kulle, rabin zumuncin nan ya koma cikin waya. Da ita kike jin muryar Inna a ƙauye, da ita ake sanar da ke haihuwa da rasuwa, da ita masu sayen turaren wutarki ko ɗinkinki ko awararki suke nemanki, da ita uwar adashi take tuna miki ranar zubi. To kin ga kenan lambar nan taki ta zama tamkar ƙofar gidanki. Ranar da ta ɓace, duk wanda ya zo nemanki sai ya tarar da bango.

Mata da yawa suna haƙuri da layin da ba ya kama sabis a ɗakinsu, sai sun fito tsakar gida suna ɗaga waya sama, suna "kina jina, kina jina", duk don tsoron kada su sauya layi su rasa lambar da kowa ya san su da ita. To uwargida, albishirinki. Tun ranar 22 ga Afrilun 2013 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta ƙaddamar da tsarin da ya ba kowa damar ya yi ƙaura da lambarsa daga wani kamfani zuwa wani. Ƙasar Ghana ma ta riga mu, ta fara tun 2011. Ma'anar abin ita ce, ki bar kamfanin da kike, ki koma wani, amma lambarki 11 tana nan yadda take, ko ɗaya ba ta canja ba.

Manyanmu za su tuna lokacin da salula ta shigo Najeriya a 2001, sa'ad da kuɗin sim kaɗai ya kai naira 20,000 ko fiye. A wancan zamani da kin ji farkon lamba kin san kamfaninta: 0803 ta MTN ce, 0802 ta Econet ce wadda ta yi ta sauya suna har ta zama Airtel a 2010, 0805 ta Glo ce, 0809 kuma ta Etisalat ce da ta koma 9mobile a 2017. Tun da aka fara ƙaura da lamba, wannan lissafi ya daina zama tabbas. Mai 0803 na iya kasancewa a kan wani layi dabam.

Amma fa kafin ki ɗaura niyya, ki tuna da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ki fara gwada layin da kike sha'awa a cikin ɗakinki, ba a soro ba, ba a bakin titi ba. Ki ari wayar abokiyar zamanki ko ta maƙwabciya mai wannan layi, ki shiga har ƙuryar ɗaki ki yi kira da safe, ki sake gwadawa da dare. Sabis ya danganta da nisan gidanku da ƙarfen kamfanin, da kuma kaurin bangon ɗakinki. Layin da ya yi wa yayarki daɗi a unguwarsu yana iya ƙin kamawa a taku. Sannan ki sa a tambayo miki kuɗin kira da na data a tsarin da za ki shiga, domin a watan Janairun 2025 hukumar ta amince kamfanoni su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, don haka tsohon farashin da kika sani ba shi ne ake yi ba.

Yanzu ga babbar magana, ki aje muciya ki saurare ni. Da sunan wa aka yi wa sim ɗinki rajista? Yawancinmu maigida ne ya sayo ya kawo, ko ɗa, ko ƙane, kuma hotonsa da zanen yatsunsa aka ɗauka. A wurin kamfani, wanda sunansa ke kan rajista shi ne mai layi, ko da kuwa shekara goma kika yi kina sa masa kati. Tun watan Disamban 2020 gwamnati ta wajabta a haɗa kowane sim da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, mai lamba 11, wadda hukumar NIMC ke bayarwa. Don haka galibi babu ƙaura da lamba, babu karɓar sabon sim idan na da ya ɓace, sai mai rajistar ya bayyana da kansa.

Ki yi tunani a kan wannan da kyau. A ce mace ta shekara tana sayar da kayan ƙamshi daga cikin gida, masu ciniki ɗari sun san lambarta, asusunta na banki ma a kan lambar yake. Sai Allah ya yi wa maigida rasuwa, ko zama ya ƙare, ko ɗan da ya yi rajistar ya tafi ci-rani. Ran nan sim ya lalace. Wa zai je ya karɓo? Ba fatan tsiya ake yi ba, rigakafi ne, wanda ya fi magani. Ki sami maigida lokacin da yake cikin nishaɗi, bayan ya ci ya ƙoshi, ki yi masa bayani cikin ladabi: "Maigida, ina neman izini ka kai ni a yi mini NIN, a mayar da layin nan da sunana." Fita ce ta yini guda, amfaninta kuwa na shekaru ne. In layin da sunansa yake, sai ku tafi tare ofishin kamfanin, a yi muku bayanin yadda ake mayar da mallaka. Maza, na san kuna jinmu ta bayan labule, don Allah a taimaka a kai su.

To, ga yadda ake ƙaurar. Ofishin sabon kamfanin ake zuwa, ba na tsohon ba, kuma ba sai an nemi yardar tsohon ba. Mai layi zai tafi da wayar da sim ɗin a ciki yana aiki, da lambarsa ta NIN da katin shaida. Za a ba da takarda a cike, a ɗauki hoto da zanen yatsu. Daga nan sai a ce a rubuta kalmar PORT a tura zuwa 3232 daga tsohon sim ɗin. Saƙo zai dawo yana tabbatar da an karɓi buƙata, a ba ki sabon sim. Ki ci gaba da amfani da tsohon har sai kin ga sabis ya ɗauke daga kansa, sa'an nan ki cire shi ki sa sabon. Ƙa'idar ita ce a kammala cikin awa 48, kuma ba a biyan kuɗin ƙaura. Abin da ya fi kawo cikas shi ne saɓanin suna, a ce rajistar sim ta ce wani abu, ta NIN ta ce wani. In haka ta faru sai an gyara tukuna.

Abubuwa uku ba sa bin ki zuwa sabon gida. Na farko kuɗin kira da data da suka rage a tsohon layi, don haka ki cinye abinki kafin ranar, ki kira dangi ku sha hira. Idan kuma kin ci bashin kati, ki biya kafin ki tafi. Na biyu garaɓasa da tsarin kira na tsohon kamfani. Na uku, wanda ya fi sa mata kuka, lambobin mutane da kika ajiye a kan sim. Sabon sim fanko yake zuwa. Ki sa a kwashe miki lambobin zuwa cikin wayar tun da wuri. Haka nan ki sani ba a ƙaura yau a sake gobe. Da aka fara tsarin sai an yi kwana 90 kafin a sake, daga baya aka rage wa'adin, don haka ki tambaya a ofis kafin ki sa hannu.

Mu koma kan sauya ita kanta wayar, ko daga ƙarama mai madannai zuwa babba ta shafawa, ko daga tsohuwa zuwa sabuwa. Shawarata kada ki haɗa aiki biyu rana ɗaya. Ki gama da layi, ki ga komai ya daidaita, sannan ki taɓa waya, domin in matsala ta taso ki san daga ina ta fito.

Sim girma uku ne, babba da matsakaici da ɗan mitsitsi, kuma wayoyin yanzu ɗan mitsitsin suke ɗauka. Sabon sim yakan zo da layukan ɓallewa a jikinsa, sai a ɓalle daidai girman da ake so. Kada ki bar yaro ya sa reza ko almakashi, yana taɓa ƙarfen nan mai ruwan zinariya shi kenan. Katin da aka ɓallo sim daga jikinsa kuwa, ki adana shi a ƙasan akwati tare da takardunki, domin akwai lambobi masu amfani a kansa.

Lambobin jama'a kuma, sim ba ya ɗaukar da yawa, galibi ba ya wuce 250. In babbar waya ce, a ajiye su a asusun Google, yadda duk wayar da kika koma za su biyo ki. Amma ki sa a rubuta miki sunan asusun da kalmar sirrinsa, ki ɓoye. Mata nawa ne mai shago ya buɗe musu asusu, ya riƙe kalmar sirri a kansa, suka tafi ba su sani ba? Duk da haka kada ki raina littafi da biro. Ki sami ɗan littafi ki rubuta lambobi 20 ko 30 mafi muhimmanci, ko da boko ko da ajami, ko 'yarki ta rubuta miki.

WhatsApp da lambarki yake tafiya, don haka ƙaura daga kamfani zuwa kamfani ba ta taɓa shi. Amma in waya za ki sauya, a fara adana hirarraki daga tsohuwar wayar kafin a buɗe shi a sabuwa. Lokacin buɗewa za a turo miki lambobi 6 ta saƙo. Uwargida, waɗannan lambobi mabuɗin ɗakinki ne. Duk wanda ya kira ya ce daga ƙungiyar mata yake, ko daga banki, ko daga masu rabon tallafi, wai ki karanto masa lambar da ta shigo, ki kashe wayarki. Da ita suke ƙwace WhatsApp ɗin mutum, su bi danginsa suna roƙon kuɗi da sunansa. Haka lambar sirrin banki da BVN, kada ki faɗa wa mai kiran da ba ki sani ba, kada kuma ki ba yaron aike lambar sirrinki a takarda.

In za a sayo miki ta hannu, ko a kasuwar Farm Centre ta Kano ko a ta garinku, ki ce lallai a karɓo rasit mai sunan shago. Kowace waya tana da lambar shaida 15 da ake kira IMEI. A danna *#06# za ta fito, a gwada da wadda ke jikin kwali, a rubuta ta a rasit. Araha ba ta ado. Wayar sata in aka bi sawunta, a hannun wanda aka same ta ake fara tambaya, kin ga mace tana zaman zamanta a kawo mata 'yan sanda ƙofar gida.

Tsohuwar wayar fa? Kafin ki ba ƙanwarki ko a kai ta kasuwa, ki cire sim da memori, a kwashe miki hotuna, sannan a wanke wayar ta koma kamar ranar da aka sayo ta. A ciki akwai hotunanki na cikin ɗaki ba mayafi, da na biki, da saƙonnin banki, da hirarki da maigida. Goge su ɗaya-ɗaya bai isa ba. Kuma a yi wankin a gabanki, ba a bayan idonki ba.

Idan kuwa kin zaɓi ki sayi sabon layi kawai ki riƙe biyu, to kada ki jefa tsohon a kwalla ki manta. Layin da ya yi wata shida ba kira, ba saƙo, ba sa kati, kamfani yana da ikon rufe shi, bayan wani lokaci kuma a sayar da lambar ga wani. In bankinki na kan wannan lamba, saƙon kuɗinki sai ya riƙa shiga wayar baƙo. Ki riƙa sa masa ko ɗan kati kaɗan ne kina kira da shi, ko ki sa a canja lambar a banki.

Ga wasu lambobi da za ki haddace, tun 2023 aka mai da su iri ɗaya a duk layuka: *310# duba kuɗi, *311 ake farawa da ita wajen sa kati, *312# sayen data, 300 kuma kiran ofishin kamfani. In kin kai kuka ga kamfani ba a share miki hawaye ba, ki kira 622, layin koke ne na hukumar NCC, kuma kyauta ne. Kina daga ɗakinki za ki yi, ba sai kin taka ko'ina ba.

Aikin da na ba ki na wannan mako guda biyu ne: ki bincika da sunan wa layinki yake, ki kuma fara rubuta lambobin nan a littafi. Ki gaya wa abokiyar zamanki, ki gaya wa maƙwabciya ta kan katanga, in kunne ya ji jiki ya tsira. Sai Allah ya sake haɗa mu a shiri na gaba. A shafa mini kan yara, a huta lafiya.