Ƙarancin Jini da Ƙarin Jini a Jinyar Sankarar Jini

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana dalilin da ya sa jinin mai sankarar jini yakan yi ƙasa a lokacin da ake ba shi magani, da yadda likitoci suke tallafarsa har ya haye, da kuma abin da ya rataya a wuyan jama'a game da haka.

Asalin cutar

Ɓargon da ke cikin ƙashi shi ne maƙerar jini, kuma ƙwayoyi iri uku yake ƙerawa. Akwai jajaye masu kai iskar numfashi ga sassan jiki, waɗanda kan yi kwana 120 suna aiki. Akwai farare masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Na uku su ne ƙwayoyin tsai da jini idan an ji rauni, su kuwa ba sa wuce kwana goma. Sankarar jini takan auku ne idan fararen ƙwayoyi da ba su nuna ba suka yaɗu cikin ɓargo kamar ciyawa a gona, suka danne sauran. A 1847 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya laƙaba mata suna da harshen Girka mai ma'anar farin jini. Bahaushe kuwa ya riga ya ba wa farin jini wata ma'ana mai daɗi, don haka sunan bai karɓi cutar a Hausa ba.

Maganin wannan cuta ba ya bambanta ciyawa da shuka. Kwana 7 zuwa 14 bayan an ba da shi, ƙwayoyin jini sukan faɗi ƙasa warwas, ɓargo kuma yakan ɗauki mako uku ko huɗu kafin ya farfaɗo. Sidney Farber ya fara gwada irin wannan magani a kan yara a birnin Boston na Amurka a 1947, amma zubar jini ta ci gaba da kashe majiyyata da yawa. A 1962 Emil Freireich da abokan aikinsa suka nuna cewa zubar tana ƙaruwa ne gwargwadon raguwar ƙwayoyin tsai da jini, ƙarin waɗannan ƙwayoyi kuma ya shiga cikin jinya sosai.

Ƙaranci iri uku

Idan jajaye suka ragu, majiyyaci yakan yi haki da jiri da kasala. Likita yakan ƙara masa jini in ma'aunin himogulobin ya sauka zuwa 7 ko 8, leda ɗaya kuma takan ɗaga shi da misalin lamba 1 ga babban mutum. Zogale da hanta da maganin ƙarin jini na kemis ba za su maye gurbin wannan ba, domin maƙerar ce ta tsaya, kayan aiki kuwa suna nan jibge.

Ƙwayoyin tsai da jini a jikin mai lafiya sukan kama daga 150,000 zuwa 450,000 a ma'aunin awo. In suka sauka ƙasa da 10,000 akan ƙara su, ko da ba a ga jini ba. Haɓo da zubar jini daga dasashi da ɗigo-ɗigon ja a fata alamu ne da ba a kwana da su. A wannan hali ba a shan asfirin, ba a yin ƙaho ko tsaga, ko da wanzamin ƙwararre ne.

Raguwar farare ita ta fi haɗari, domin ba kasafai ake ƙara su ba. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga mai wannan jinya ba a ɗaukarsa zazzaɓin cizon sauro a zauna a gida ana shan magani. Asibiti ake garzayawa ko da tsakar dare ne, a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'a guda.

Jinin wa za a ƙara?

Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki, al'adar asibitocin ƙasar nan kuma ita ce dangi su kawo masu ba da jini. Amma a wannan cuta likitoci sukan guji jinin ɗan'uwa na kusa, saboda dalilai biyu. Na farko, fararen ƙwayoyin ɗan'uwa suna kama da na majiyyaci, sai jikinsa ya kasa gane su, su kuwa su zauna su far masa. Shi ya sa ake haska irin wannan jini da na'ura kafin a ƙara shi. Na biyu, wataƙila a bukaci ɓargon wannan ɗan'uwa don dashe nan gaba, ƙarin jininsa tun da wuri kuwa yana iya sa jiki ya ƙi dashen. Ashe ke nan ran majiyyaci yana rataye da jinin mutumin da bai san shi ba.

Bugu da ƙari, jajayen ƙwayoyi sukan yi kwana 35 zuwa 42 a firiji, amma ƙwayoyin tsai da jini kwana 5 zuwa 7 kurum suke yi, ana girgiza su dare da rana. Ba a tara su kamar hatsi a rumbu, sai dai a yi ta samun masu bayarwa mako bayan mako.

Kammalawa

Babban mutum yana da jini misalin lita 5, abin da ake ɗiba kuwa bai kai rabin lita ba, kuma ana auna lafiyar mai bayarwa tukuna, a binciki jinin don ƙanjamau da ciwon hanta. Namiji mai lafiya yana iya bayarwa duk wata uku, mace duk wata huɗu. Ɗalibai da ma'aikata su ne suka fi cancanta su ɗauki wannan nauyi, su kai kansu ma'ajiyar jini ta asibitin da ke kusa da su tun ba a roƙe su ba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu taimako da alheri, amin.