Wayarmu, da Bakinmu



Yau magana a kan waya za mu yi, da sunayen da muke kiran kayanta.

Dattawa sun san wayar tangaraho. Sun san wayar tarho ta zamanin NITEL, wadda sai ofis ko gidan mai hali. A shekarar 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya, Bahaushe bai jira kowa ba. Ya ce tafi-da-gidanka. Ya ce saƙon kar-ta-kwana. Ya ce layi, ya ce kati, ya ce ƙarfen sabis. Duk wanda ya ji ya gane.

To, ina matsalar take? A rumfar mai gyara take. Tsohuwa ta kai waya, yaro ya zuba mata Turanci, ta biya kuɗi ba ta san abin da ya lalace ba. Don Allah ɗana, ce mata gilashin ne ya fashe. Ce mata batir ne ya kumbura, ko bakin caji ne ya toshe.

Haka gargaɗin banki. Idan aka ce lambar sirri, kowa ya san ba a bayarwa. Idan aka faɗa da Turanci, ɗan damfara ya samu ƙofa.

Malaman harshe na Jami'ar Jihar Nasarawa, a garin nan na Keffi kuke. Ku zauna da masu gyaran waya, ku tattara waɗannan kalmomi a rubuce.