Yadda Za a Shirya Tsohuwar Kwamfuta Don Haɗa Faifan DVD



Dalilin tsayuwata a gabanku yau shi ne kaset-kaset ɗin bidiyon da ke jibge a gidajenmu, masu ɗauke da bukukuwan iyayenmu da muryoyin kakanninmu waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Zafi da raɓa suna cin zaren kaset a hankali, na'urorin kallonsu kuwa an daina ƙera su tun 2016. Wanda ya yi jinkiri zai wayi gari da kwali, babu hoto. Tsohuwar kwamfutar da kuka jingine a lungu ta isa ta cece su, in an shirya ta yadda ya kamata.

Da farko a buɗe ta a kaɗe ƙura daga fanka, domin sarrafa bidiyo yana sa ta yi sa'o'i tana aiki ba hutawa, kuma in ta ɗau zafi sai ta mutu a tsakiyar aiki. A sake ɗan batirin agogonta, wato CR2032, a ƙara mata RAM gwargwadon abin da za ta ɗauka.

Na biyu shi ne wurin ajiya. Bidiyon awa ɗaya a tsarin DV yana cin kimanin gigabait 13. Tsarin FAT32 kuwa ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, saboda haka sai a mayar da rumbun ajiyar tsarin NTFS kafin a fara kwashe hoto. Kaset ɗin VHS yana bukatar na'urar da za ta shiga tsakaninsa da kwamfuta ta mai da hotonsa fayil.

Na uku, manhaja. Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, Windows 7 kuma a 2020. Don haka wadda ke ɗauke da ɗayansu a raba ta da intanet. A sauko da DVDStyler ko DVD Flick, waɗanda kyauta ne, a wata kwamfutar, a tabbata fitowar da aka ɗauko tana tafiya da tsohon Windows ɗin, sannan a kawo a filas.

Manhajar za ta juya bidiyon zuwa MPEG-2, ta jera shi cikin jakar VIDEO_TS. A nan a zaɓi PAL, mai hotuna 25 a daƙiƙa, domin da shi aka ɗauki kaset-kaset ɗinmu na Nijeriya. Faifai mai gigabait 4.7 yana ɗaukar awa ɗaya da kyau ƙwarai; in an cusa masa fiye da awa biyu, hoton zai fara dusashewa.

Wajen buga faifan a rage gudu, a yi amfani da DVD-R, wanda tsofaffin na'urori suka fi saurin karantawa. In aka ɗauke wuta ana tsakar bugawa faifan ya lalace ke nan, don haka a tanadi batiri ko janareta.

Gargaɗina na ƙarshe, faifai ma yana tsufa. A buga biyu, a ajiye su gida daban-daban, kuma kada a share asalin fayil ɗin. Ina roƙon wannan ƙungiya ta ware kwamfuta guda saboda wannan aiki, mu fara da kaset-kaset ɗin tarukanta na baya.