Juya da Maganin Maza



Ni malamin harshe ne, saboda haka da kalma zan fara. Idan aure ya shekara biyar babu haihuwa, Bahaushe yakan kira matar juya, amma da wuya ya raɗa wa mijin suna. A ƙasar Zuru kuwa, inda a al'adar golmo saurayi kan shekara bakwai yana yi wa surukai noma kafin a ba shi mata, wa zai yarda a ce gazawar tasa ce? Alhali likitoci sun nuna cewa kusan rabin irin wannan rashin haihuwa, da hannun namiji a ciki.

To, wanda ya soma zargin kansa, a Sakaba ko Dirin Daji, sai ya lallaɓa kemis ya sayo ƙwayoyin bitamin da zinki, ya sha a ɓoye. Shin suna aiki? A 2020 an bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi wa ma'aurata 2,370 a Amurka. Mazan da suka sha zinki da folik asid har wata 6 ba su fi sauran samun haihuwa ba, maniyyinsu ma bai ƙara inganci ba.

Dalili a fili yake. Ciwon sanyin da aka ƙyale yakan toshe hanyar maniyyi. Hangum bayan balaga yakan taɓa maraina. Ga tsargiya, ga kumburin jijiyoyin maraina. Bitamin ba ya warkar da ko ɗaya, gwajin maniyyi a asibiti shi ke nuna inda za a dosa. Ƙwayar maniyyi kan ɗauki kimanin kwana 74 kafin ta ƙosa, shi ya sa likita kan ce a maimaita gwajin bayan wata uku.