Jami'a Cikin Wayar Hannu: Me Makiyayi da Ɗan Kasuwa Za Su Ɗiba?

Yau zancenmu a kan karatu ne, karatun da ba a biyan kuɗin makaranta.

A shekarar 2001, wata babbar jami'ar kimiyya da fasaha ta Amurka mai suna MIT ta ba da sanarwar cewa za ta zuba darussanta a intanet, kowa ya ɗiba. A 2002 ta fara, yau darussan sun haura dubu biyu. Ba rajista, ba a tambayar ka ɗan wane ne kai. Daga nan wasu suka bi sahu. Wani mutum mai suna Salman Khan ya fara da koya wa 'yar uwarsa lissafi daga nesa a 2004, abin ya girma ya zama Khan Academy, inda ake koyar da lissafi tun daga ƙidaya har matakin jami'a. A 2012 aka buɗe Coursera da edX. A 2013 Faransa ta buɗe nata mai suna FUN, da Faransanci, wanda ya fi dacewa da waɗanda suka yi lakkal a Nijar. Jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, wato NOUN, ita ma littattafan darussanta suna shafinta, ana saukewa.

To, wani zai ce, "Malam, ni da nake bin shanu, ina ruwana da jami'ar Amurka?" Gaskiyarka. Ba duka ne naka ba. Wanda ya shiga kasuwar Kano bai san abin da ya je saya ba, yamma za ta yi masa yana kallon rumfuna. Haka intanet take. Shawarata guda ce: ka shiga da matsala ɗaya da ke ci maka dukiya, ka nemi darasinta, ka fito.

Mu ɗauki makiyayi. Dabbobi nawa muke rasawa saboda allurar da aka yi da ka? Maganin dabba da nauyinta ake auna shi. In ka rage, cutar ba ta mutu ba, sai ma ta saba da maganin, gobe ka sake yi ya ƙi ci. Akwai darussan da ke nuna yadda ake kimanta nauyin sa da igiyar awo a zagayen ƙirji, da kwanakin da ya kamata a dakata da sayar da nono ko yanka dabba bayan an yi mata allura. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana da makarantarta a intanet, kyauta, da Turanci da Faransanci da Larabci da wasu harsuna, har da darussan lafiyar dabbobi. Dattawanmu sun san ɓarnar bushiya. A 2011 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya, kuma rigakafi da sa ido ne suka yi aikin. Yanzu an sa 2030 a gaba don kawar da annobar awaki da tumaki da ake kira PPR. Makiyayin da ya gane alamunta da wuri, zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, ya ware mai ciwo, ya ceci garkensa da na maƙwabci.

Ɗan kasuwa fa? Ka sayo kaya na jikka 100, ka sayar jikka 120, ka ce ka ci ribar 20. Ka cire kuɗin mota? Ka cire na 'yan dako? Kayan sun yi wata biyu a shago, a tsakani canjin naira da sefa ya motsa, ka lissafa? Da yawa uwar kuɗi suke ci suna zaton riba ce. Darasin kaso cikin ɗari da na rubuta shiga da fita, mako biyu ya isa mutum ya kama bakin zaren.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Na farko, harshe. Mafi yawan darussan nan ba da Hausa ko Fulatanci suke ba. Amma kusan kowane gida akwai yaro ko yarinya da suka yi boko. Zaunar da shi bayan sallar isha'i, ya saurara, ya fassara maka. Shi ya ƙaru da karatu, kai ka ƙaru da abin yi. Akwai kuma ƙungiyar Access Agriculture, wadda take da bidiyon noma da kiwo cikin harsunan Afirka da yawa, har da Hausa.

Na biyu, data da sabis. Darasi kyauta ne, data ba kyauta ba ce, kuma a daji sabis sai an hau tudu. Dabarar ita ce ranar kasuwa: ka sauke abin da kake so a memori, ka rage kyawun hoton don kada ya cinye maka data, sannan ku tura wa juna waya zuwa waya. Masu rumfar caji da ke tura mana waƙoƙi da finafinai, in mun nema, darasi ma za su tura.

Na uku, a yi hattara. MIT ba ta ba da takardar shaida a kan waɗannan darussan kyauta. Coursera da edX kuwa, takardarsu galibi sai an biya. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa ka aiko kuɗi ya ba ka digiri cikin wata guda, ɗan damfara ne. Sannan kallon bidiyo bai mai da kowa likitan dabbobi ba. In ka ga dabba ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta baya, kada ka feɗe ta, kada a ci, yana iya zama ciwon saifa, kuma yana kashe mutane. Kira malamin dabbobi. Amfanin karatun shi ne ka san lokacin kiransa, ka kuma fahimci abin da ya gaya maka.

Iyaye, mu tuna da samarinmu da suka gama sakandare suka dawo gida ba kuɗin ci gaba. Wayar da ke hannunsu tana iya cinye musu shekara a banza, tana kuma iya hana karatunsu rubewa kafin Allah ya kawo hali. Rabin sa'a kullum, da littafi da biro a gefe, ya fi kwana guda ana kallo har asuba.

Gemu ba ya hana ilimi. Kafin kasuwa mai zuwa, kowa ya zaɓi tambayarsa ɗaya, ya nemi wanda zai tayar masa da ita a waya. Allah ya tsare dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.