Mu daina buga tubali ɗaya sau goma



Bara muka zauna mu uku za mu haɗa wa ƙungiyarmu manhajar rajistar mambobi. Sati biyu muka kashe kan akwatin rubuta suna da na lambar waya. Da muka gama, wata ƴar uwa ta rubuta sunan mahaifinta, Ɗanladi, sai manhajar ta ce kuskure ne, don ba ta san harafin ɗ ba. Muka gyara. Bayan wata guda na haɗu da wani aboki a Damagaram, shi ma wannan matsalar ce ta hana shi barci. Wallahi abin ya dame ni.

To, mene ne mafita? Duk abin da kuke gani a fuskar manhaja, maɓalli ne, akwatin rubutu ne, jerin zaɓi ne, ana iya gina shi sau ɗaya kamar tubali. Ka haɗa akwatin suna da na lamba da maɓallin aikawa, ka samu takardar rajista. Gobe ka ɗauki takardar nan ka sa ta a manhajar asusu ko ta makaranta. In an gyara tubalin a wuri ɗaya, gyaran ya isa duk inda aka sa shi.

Haka manya ke aiki. Twitter ta saki Bootstrap a 2011, Facebook ta saki React a 2013, kuma duka kyauta ne. Gwamnatin Birtaniya ma tana da rumbun irin waɗannan tubala da ma'aikatunta ke ɗiba, shi ya sa shafukansu suke kama da juna.

Amma aro yana da haɗarinsa. A watan Maris na 2016 wani ya janye ƴar lambarsa mai layi 11, left-pad, daga rumbun npm, dubban ayyuka suka tsaya cik. Saboda haka duk abin da za ka ara, karanta shi, ka ajiye kwafinsa.

Kuma fa waɗanda suka gina tubalan can ba su yi tunaninmu ba. Wa zai yi akwatin da ya san lambar Nijar +227 ce da alƙaluma takwas? Wa zai yi wanda ke karɓar ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, ko maɓallin da ke magana don iyayenmu da ba su yi boko ba, ko shafin da ke buɗewa ko da intanet na jan ƙafa? Mu ne, ko ba haka ba?

Ga roƙona. Kowa ya duba tsofaffin ayyukansa, ya ciro tubali ɗaya mai kyau, ya rubuta yadda ake amfani da shi da Hausa da Faransanci, ya ɗora a GitHub. Ni zan fara da akwatin sunan nan da ya ƙi Ɗanladi. Wanda ya ga kuskure a ciki ya gyara, kada ya ji nauyina.