Ciwon Gwiwa Kada Ya Kulle Ku a Ɗaki

Jawabi ga 'yan gudun hijira mazauna unguwar Briqueterie, Yawunde

 

Maganarmu ta yau a kan ciwon gwiwa ce, wanda muke kira sanyin ƙashi, likitocin nan kuma suke ce masa artiroz. A bakin ƙasusuwan gwiwa akwai guringuntsi mai santsi da ke hana su gogar juna. Tsufa, ƙiba, tsohon rauni da yawan ɗaukar kaya masu nauyi suna cinye shi sannu a hankali. Daga nan sai zafi in an yi tafiya, sandarewar ƙafa da safe, da wahalar tsugunno ko sujada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 365 ne ke fama da shi a gwiwa, kuma ya fi kama mata da waɗanda suka haura shekara 55.

Kun san Yawunde gari ne na tuddai. Mai ciwon gwiwa yakan fara barin kasuwa, ya bar masallaci, har ya kasa zuwa sabunta katinsa na gudun hijira. Zaman kuwa yana raunana naman cinya, gwiwa ta rasa mai tallafa mata, ciwon ya ƙaru. Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, amma ana iya rage zafin, a ci gaba da tafiya.

Na farko, ku riƙa taka ƙasa kullum, ko kaɗan ne, a wuri mai shimfiɗa. In kun zauna a kujera, ku miƙe ƙafa, ku ƙirga goma, ku sauke. Ku yi haka sau goma, safe da yamma.

Na biyu, sanda ba abin kunya ba ce. A riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya.

Na uku, mai ƙiba ya rage, domin kowane kilo ɗaya na jiki yana ɗora wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Yara, ku karɓar wa Baba da Inna jarkar ruwa.

Na huɗu, ku kiyayi ƙwayoyin masu talla. Yawan shan diklofenak ko ibufurofen yana jawo gyambon ciki, yana lalata ƙoda. In gwiwa ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi, a je asibiti a ranar.

Game da haƙƙinku, Kamaru tana da doka ta 13 ga Afrilu 2010 mai kare masu naƙasa. A Etoug-Ebé kuma akwai cibiyar ƙasa ta Kardinal Paul Émile Léger, inda ake gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Hukumar HCR tana rubuta masu buƙata ta musamman a rajistarta, amma sai an san da mutum. Saboda haka in kuna da tsoho ko tsohuwa da ƙafa ta hana su fita, ku faɗa wa jami'in kariya kafin ku tashi daga nan. Wanda ba ya jin Faransanci ya neme ni, zan fassara masa.

Allah Ya ƙara mana lafiya.